Karas a Kwalin Taba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, domin akwai mutum guda a garin Babban Mutum wanda jin sunansa kawai ya isa ya tuna mini. Za mu zo kansa. Bari dai in tona wa kaina asiri da bakina, tunda ƙannen matata sun riga sun yaɗa labarin, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa.

Ni malamin firamare ne a nan cikin Daura, kuma shekara goma sha tara na yi ina shan taba sigari. (Eh, ni ne mai koyar da darasin kiwon lafiya a aji biyar. Ba sai ka faɗa ba, na sani.) A ɓoye nake sha, ko in ce a ganina a ɓoye nake sha. In an tashi tara sai in zagaya bayan ajujuwa in zuƙi kara ɗaya, in tauna kanumfari, in fesa turare, in dawo ina taku ɗai-ɗai kamar ba ni ba. Ashe tun daga shugaban makaranta har mai gadi kowa ya sani, kara kawai ake yi mini.

Wanda bai taɓa yi mini wannan karar ba shi ne surukina, Baba Alhaji, mahaifin matata Binta, tsohon manomi mai lambu a Babban Mutum. Ranar da na fara zuwa gaishe shi lokacin neman aure, na sha turare har ina jin jiri. Ya amsa gaisuwata, ya ɗan ja hanci, ya ce, "Malam, 'yar tawa ba ta saba da hayaƙi ba sai na murhu." Nan take na yi masa alkawarin da zarar an ɗaura aure zan bari. Aka ɗaura. Shekara goma sha huɗu suka wuce ban bari ba. Bai sake tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, amma duk ranar da na shiga zaurensa na durƙusa, sai ya juya ya ce wa na kusa da shi, "A miƙo mini maficina." Ko ana tsananin sanyi sai ya yi fifita har in tashi. Na gwammace ya zage ni da wannan maficin.

Abin da ya raba ni da taba ba wa'azi ba ne. 'Yata Ummi ce ta rugo ta rungume ni wata rana na dawo daga makaranta, sai ta ja da baya tana yamutsa fuska ta ce, "Baba, rigarka tana warin bola in an ƙona." Ga kuma tarin da ya hana ni karanta wa yara shafi guda ban tsaya ba. Da azumi ya kama na ce to, tunda na iya haƙura daga asuba zuwa magariba, bari in haɗa da sauran. Na sha wuya. Mako ukun farko na yi faɗa da kowa a gidan, har da akuyar Binta. Amma cikin ikon Allah na tsallake.

Sai dai babu wanda ya gaya mini cewa in ka bar taba harshenka farkawa yake yi. Bayan salla aka kawo mini tuwo da miyar kuka, na kai loma ɗaya na tsaya.

"Binta, me kika canja a miyar nan?"

"Ban canja komai ba, Malam. Kai aka canja."

Daga nan na buɗe ciki. Da safe ƙosai, in an tashi tara waina a bakin makaranta, a hanyar gida awara, da la'asar tsire, bayan nan kakkauran shayi da burodi, ga fura da sukari cokali uku, ga aljihu cike da alewa. Duk lokacin da a da zan kunna kara ɗaya, yanzu sai in tura wani abu a baki. Cikin wata biyar kaftanina na Juma'a ya ƙi sauka daga ƙirji. Na kai wa tela ƙara cewa yadin ya tsuke. Bawan Allah sai ya ɗauko abin awo ya zagaya tumbina, ya nuna mini lambar da ɗan yatsa.

Ciwon kai ne ya kai ni asibiti. Malamar asibitin, wata dattijuwa mai fara'a, ta auna jinina, ta ɗora ni a ma'auni, ta saurari labarina har ƙarshe. Ta ce, "Malam, barin tabar nan shi ne babban alherin da ka yi wa jikinka, kada ka kuskura ka koma. Bakinka ne ya rasa aiki, shi ya sa ya kama wani." Ta ce kada in horar da kaina da yunwa, in dai tsara abin da zan ci tun kafin yunwa ta tsara mini. Rabin kwano ya zama ganye, in riƙe wake da gero da dawa, in rage suya da sukari da gishiri, in yawaita shan ruwa. In kuma baki ya dame ni tsakanin abinci da abinci, in ba shi karas ko gurji ya tauna.

Kuskurenta ɗaya, da ta ce wa malamin makaranta ya tsara. Ina komawa gida na sauko da tsohuwar kalanda, na juya bayanta, na ɗauko rula da jan biro. Na ja layuka: Litinin zuwa Lahadi a gefe, safe da rana da yamma a sama, har da wani gida na musamman da na sa wa suna "Taunawa". Na manna shi a ƙofar kicin da ƙusa huɗu. Binta ta tsaya ta karanta shi tsaf, hannu a ƙugu.

"Litinin, koko ba sukari da ƙosai uku. Uku, Malam? Kai ɗin?"

"Tsari ke nan."

"To madalla. Saura ƙararrawa da mai duba makarantu."

Ta yi dariyarta, amma ita ce ta riƙe mini jadawalin nan fiye da ni kaina. Kuma gaskiya ya yi aiki. Muka koma yin cefanen mako gaba ɗaya ranar kasuwa, don kada a wayi gari babu ganye in sami hujjar zuwa wurin mai waina. Ranar Talata faten wake da alayyahu, Laraba dambu da rama, Alhamis tuwon dawa malmala ɗaya da miyar taushe, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kusan kullum. Ranar Juma'a na ba kaina tsire tsinke biyu (da jan biro na rubuta shi, kamar ranar hutu). A hankali tumbi ya fara ja da baya, ciwon kai ya tafi, na koma karanta shafi uku ban yi tari ba. Ban taɓa jin daɗin jikina irin na lokacin ba.

Matsalar ita ce na zama abin gudu. Wanda bai kai shekara guda da barin zagaya bayan aji ba, shi ne ya koma yi wa mutane huɗuba a kan man gyaɗa. A ofishin malamai, da an hango ni tafe sai ka ga ana tura ledar ƙosai ƙarƙashin rajista.

Abu ɗaya ne jadawali ya kasa magancewa: hannuna na dama. Shekara goma sha tara ya saba da tafiya aljihun gaba, ya taɓa kwali, ya buɗe, ya zaro kara. Yanzu sai ya je ya tarar da wayam, ya dawo, ya sake komawa. Na gwada zuba karas a leda, ya yi gumi, kuma hannun bai gamsu ba. Ran nan ina gyara ƙarƙashin kujerar babur sai na ci karo da tsohon kwalin taba, babu komai a ciki. Na tsaya ina kallonsa, sai wata dabara ta zo mini, irin dabarar da take zuwa wa mutum in Allah zai kama shi. Na fere karas, na yanka shi siri-siri daidai tsawon karan sigari, na jera a kwalin. Guda goma ya ɗauka cif. Na sa a aljihu, na taɓa, na buɗe, na zaro ɗaya na riƙe tsakanin yatsu biyu. Wallahi sai na ji hankalina ya kwanta.

Binta tana gani ta ce, "Malam, ka jefar da kwalin nan. Wanda ya gan shi ba zai tsaya tambayar abin da ke ciki ba."

Na ce, "Wannan ilimin halayyar ɗan Adam ne, a kwaleji aka koya mana. Ba za ki gane ba."

(Ka riƙe wannan amsar tawa. Ita ma ta riƙe ta, har yau.)

Ana nan sai matar Sani, ƙanin Binta, ta haifi ɗa namiji. Binta ta tafi Babban Mutum tun washegarin haihuwa. Kwana biyu da zuwanta ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ta gaya wa Baba na bar taba. Sau uku yana tambayarta ko ta tabbata, sau uku tana rantse masa da Allah. Ta ce daga nan ya kira Sani ya ce a yi wa jaririn huɗuba da sunana. Ba a gaya wa kowa ba, sai ranar suna liman zai faɗa.

"Na rantse masa fa, Malam. Don Allah kada ka ba ni kunya."

Na ajiye wayar na zauna a bakin gado. Ni da ban taɓa samun komai daga tsohon nan ba sai iskar mafici, yau ni za a yi wa takwara a gidansa! Ba zan ɓoye ba, sai da na share ƙwalla.

Ranar suna, ina idar da sallar asuba na saka kaftanin nan da ya taɓa ƙi na (yanzu har da sauran wuri), na hau babur. A jadawali na riga na rubuta: "Ranar tafiya, koko, sai karas a hanya." Na cika kwali na sa a aljihun gaba, da niyyar in na isa in ɓoye shi a ƙarƙashin kujera. Na tauna uku a hanya. Ina isa, tun ban kashe babur ba Sani da abokansa suka yi caa a kaina, "Ga Malam! Ga mutanen Daura!" Wani ya karɓi babur, wani ya ja hannuna. Kaina ya yi girma, na manta da kwali sam.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawan gari sun cika, ga liman, ga faifan goro da dabino, ga rago a ɗaure. Baba Alhaji yana tsakiya a kan buzu, idanunsa sun yi fari da yana, ba ya gani sosai sai abu ya zo dab. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a gabansa. Da a ce na tsaya a durƙuson da na saba, da an rabu lafiya. Amma ranar sai na ƙara sunkuyawa har goshina ya kusa taɓa tabarma. Neman suna, in ji mutane, ni kuwa nawa na gaske ne.

Sai na ji wani abu ya sulale daga ƙirjina. Ya faɗi a tabarma, ya yi 'yar tafiya, ya tsaya daidai yatsun ƙafar Baba.

Liman da ya fara gyaran murya ya haɗiye ta. Kowa ya ga kwalin, kuma babu wanda bai san kwalin mene ne ba. Baba ya lalubo shi, ya juya shi a hannu, ya kai hanci. Tsohon kwali kuwa bai rabu da warinsa ba. Ya ɗago kai a hankali ya ce, "A miƙo mini maficina."

Na hango rantsuwar Binta, na hango sunana yana tashi daga kan jariri tun ba a faɗe shi ba.

"Baba, wallahi ba abin da ake zato ba ne."

Ya buɗe kwalin, ya zaro ɗaya, ya kai shi kusa da idonsa. "Ikon Allah. Yanzu har ja ake yi?"

Sani, wanda tsakanina da shi dama wasa ne, ya ce, "Ƙila ta Kongolam, bakin iyakar Nijar, aka shigo da ita, Baba. 'Yar ƙetare ce." Na ji ana ta danne dariya a baya.

"Karas ne, Baba," na ce.

"Karas? A kwalin taba?"

Nan na fara zuba bayani, kuma har yau in na tuna sai in rufe fuska. Na kawo maganar malamar asibiti, na kawo rabin kwano ganye, na kawo faten ranar Talata. Ina durƙushe a gaban dattawan gari ina karanto musu jadawalin cikina. Liman ya tausaya mini ya leƙo ya ce, "Alhaji, da alama dai karas ɗin ne."

Baba ya ce, "Liman, ido ya tafi, haƙori babu ko ɗaya balle in gwada. Kunne kawai ya rage mini." Ya miƙo mini. "Ungo, Malam. Ci in ji."

To, kai ma ka san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Shekara goma sha huɗu ko ruwa ban taɓa kurɓa a gabansa ba. In an kawo mini abinci a gidan, sai na tura ƙofa nake ci, kuma in bar rabi don kada a ce mijin Binta mai ci ne. Akwai ranar da ya shigo ina tauna goro, na ɓoye shi a kumatu har muka gama gaisawa, ina amsa "lafiya lau" da gefen baki. Yau ga shi ana cewa in tauna abu a gabansa, a gaban liman, a gaban rabin gari. In na ƙi kuwa, na zama maƙaryaci, na mayar da matata mai rantsuwar banza. Na saci kallon zaure, na hango mata sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, na gane mayafin Binta.

Na karɓa da hannu biyu. Na kawar da fuska gefe.

"Juyo nan," in ji Baba. "Kunnen hagu ne mai ji."

Na juyo. Na rufe ido. Na gatsa.

Ƙaras!

Ban taɓa sanin karas yana da ƙara haka ba. Na rantse har ragon suna sai da ya waiwayo. Na ci gaba da taunawa, ƙaras-ƙaras, ƙaras-ƙaras, gumi yana bin bayana, na haɗiye da ƙyar.

Baba ya gyaɗa kai. "Na ji ɗaya. Na ƙasan fa? Sau da yawa akan sa na kirki a sama."

Haka ya riƙa zarowa yana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya. Guda bakwai ne suka rage a kwalin, kuma sai da na cinye bakwai ɗin nan. Daga na huɗu jama'a suka fara ƙirgawa da ƙarfi, Sani ne jagora. A na ƙarshe na ƙware, na kama tari, aka kawo ruwa a moɗa. Ka ga ke nan har ruwan ma na sha a gabansa.

Baba ya girgiza kwalin a kunnensa, ya ji babu saura. Sai kawai ya tuntsire da dariya, dasashi a waje, har rawaninsa ya karkace.

"Jama'a, shekara arba'in ina noman karas. Tun da yatsana ya taɓa shi na san abin da na riƙe, har na san ba a bar shi ya ƙosa ba aka cire. Amma yaron nan shekara goma sha huɗu yana zuwa gidana kamar baƙo, ban taɓa jin motsin bakinsa ba. Yau na ji."

Wurin ya kaure da dariya. Shi kuwa ya lalubo hannuna ya riƙe gam, ya rage murya. "Ka cika alkawari, Malam. Ka makara, amma ka cika. Allah Ya yi maka albarka." Daidai lokacin aka iso da maficin. Ya ɗaga hannu ya ce, "Mayar da shi ciki, an daina buƙata."

Wannan maganar ce ta karya ni. Na sunkuyar da kai, hawaye yana zuba, ga guntun karas a haƙori. Liman ya yi addu'a, ya raɗa suna, kuma nawa ne. Kwalin kuwa Baba ya ba Sani ya ce a jefa shi a wutar da za a gasa rago.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce na ci riba. Amma ka san Binta ba za ta iya kiran yaron da sunan mijinta ba, ƙannenta ma haka, dole a nemo masa laƙabi. Na sa rai za a ce Malam ƙarami, ko wani abu mai daraja. Kafin azahar matan gidan sun gama shawara, kuma ba su nemi ra'ayina ba.

Yanzu yaron yana tafiya da ƙafarsa. In ka je Babban Mutum za ka ji ana ƙwala kira daga cikin gida, "Karas! Karas, zo ka sa wando!" Duk baƙon da ya tambayi dalilin sunan, sai a ba shi tabarma a fara masa daga farko.

Jadawalina yana nan a ƙofar kicin, na sake shi sau biyu. Taba ko a mafarki. Karas ɗina a farar roba nake zuba shi yanzu, wadda ana hango cikinta tun daga nesa. In na je gaishe da Baba, tare muke cin kwaɗon zogale a zaure, kwano ɗaya, shi yana mamula ni ina taunawa. Bara da ya cire amfanin lambu ya aiko mini da rabin buhun karas, da saƙon cewa in nemi babban kwali.

Darasin da na koya bai kai a ja masa layi da rula ba: in ka rabu da abu, ka rabu har da kwalinsa, kuma in matarka ta ce ka jefar, kada ka kawo mata zancen kwaleji. Ni dai kunyar safiya ɗaya na sha na wuce. Takwarana kuwa, bawan Allah, bai ci ba bai sha ba, zai yi furfura ana kiransa Karas.